Ka Daina Saka 192.168.1.128 A Wayarka, Kai Kake Kashe Wi-Fi Ɗin Unguwa

Yau faɗa na zo yi, kuma da mutum biyu. Na farko kai mai waya da ke bin shawarar 'yan bidiyo ido rufe. Na biyu kai "injiniya" mai jona rauta kan rauta, ka karɓi kuɗin aiki ka kaɗe riga ka tafi.

Ka san abin da nake magana a kai. Ka biya kuɗin Wi-Fi a shagon cajin waya a Talatar Mafara ko Bakura, ka saka fasuwod daidai, sai wayar ta tsaya tana juyi tana rubuta Obtaining IP address. Can ta gaji ta ce ta kasa. Sai wani gwani ya miƙo hannu ya ce kawo nan. Ya shiga bayanan Wi-Fi ɗin, ya sauya IP settings daga DHCP zuwa Static, ya kwafe lambobin da ya ga sun fito dishi-dishi a wurin: 192.168.1.128, sai 192.168.1.1, sai 8.8.8.8. Intanet ta kawo nan take. Kowa ya ce kai, yaron nan ya san waya.

Bai gyara komai ba. Ya ɗauke matsalar daga kanka ne ya ɗora wa wani, kuma gobe za ta dawo kanka.

Me ya sa na ɗauki abin da zafi haka? Saboda a wannan yanki Wi-Fi ɗin haɗaka ya wuce kayan kallon TikTok. Wanda yake Maradun ko Mafara a farkon Satumbar 2021 bai manta ranar da aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro ba. Mutane sun yi makonni suna tafiya har cikin jihar Sakkwato don kiran waya ɗaya ko tura kuɗi. Daga nan jama'a suka gane dogaro da sabis ɗin kamfanin waya kaɗai ganganci ne. Da Starlink ya shigo Najeriya a Janairun 2023, sai ga faranti a kan rufin shago, ana jan sigina daga rauta zuwa rauta har ta zagaye layi guda. Irin wannan haɗin, inda rautoci da yawa ke miƙa wa juna sigina kamar saƙar raga, shi ake kira mesh. A kansa mai POS yake aiki, a kansa ɗalibin Abdu Gusau Polytechnic yake cike takardunsa, a kansa mai shinkafa yake jiran alat kafin ya bari a loda mota. Idan ya yanke a tsakiyar tura kuɗi, an cire wa wani kuɗi bai shiga ba, an fara rantse-rantse.

To bari mu fahimci abin da ake karyawa.

Duk na'urar da ta hau Wi-Fi sai an ba ta lamba, ita ce adireshin IP. Da ita rauta ke gane wannan saƙon na wayar wane ne, wancan na kwamfutar wance. Mai rabon lambobin shi ne DHCP. Ba wata na'ura ba ce daban, wani ɗan aiki ne a cikin rauta, kuma tsohon tsari ne, tun 1993 ake amfani da shi. Yadda abin ke tafiya: wayarka ta yi shela ta ce ga baƙuwa, wa ke rabo? Mai rabo ya ce ga lamba kaza. Waya ta ce na karɓa. Mai rabo ya rubuta a littafinsa ya ce na ba ki aro na awa kaza. Tare da lambar yake gaya mata ƙofar fita zuwa intanet, wadda za ka ga an rubuta Gateway ko Router a wayarka. Ka riƙe kalma biyu a nan: aro, da littafi. Lambar ba taka ba ce, kuma mai rabo abin da ke cikin littafinsa kawai ya sani.

Wanda ya taɓa noman rani a Bakolori ya san wannan tsarin ko bai taɓa ganin rauta ba. Tun da aka kammala dam ɗin a kan gulbin Sakkwato a 1978, ruwa ta babban kanal yake bi, ya shiga ƙanana, ya isa gonaki, kuma akwai ƙofofi da masu buɗe su bi da bi. Wanda ya fasa gefen kanal cikin dare ya karkato ruwa gonarsa, ai shinkafarsa ta sha, ba ƙarya. Na ƙarshen layi shi zai wayi gari da busasshiyar gona yana zagin hukuma. Mai saka Static a Wi-Fi ɗin da ba nasa ba, mai fasa kanal ne, bambancin kawai shi bai san ya fasa ba.

Ga yadda ɓarnar take. Lambar nan 192.168.1.128 misali ce kawai da Android ke nunawa don ka ga yadda ake rubuta adireshi. Ba wayarka ce ta zaɓa maka ita ba. Ita ce dai ke fitowa a wayoyi barkatai. Sai aka yi rashin sa'a rautar Starlink tana zaune a 192.168.1.1, don haka misalin yana yin aiki, shi ya sa dabarar ta bazu. Yanzu ka ɗauka mutum biyar a shago ɗaya duk gwanin nan ya "gyara" musu waya. Waya biyar, lamba ɗaya. Rauta ta kawo saƙon 128, wannan ta ce ni ce, waccan ta ce ni ce. Rauta takan bi wadda ta yi magana a ƙarshe, bayan 'yan daƙiƙu ta koma ga wata. Abin da za ka gani shi ne intanet ta kawo ta ɗauke, ta kawo ta ɗauke, kiran WhatsApp yana Reconnecting, alhali sandunan Wi-Fi a cike suke. Kuma ko kai kaɗai ne ka saka, mai rabo bai san ka ɗauka ba tunda ba ta cikin littafinsa. Ranar da rabo ya kai kan 128 zai iya miƙa ta ga wata na'ura, wataƙila POS ɗin maƙwabcinka. Wasu rautoci sukan ƙwanƙwasa lamba kafin su bayar, amma wayar da ke barci a aljihu ba ta amsawa.

Sannan kai ma ka ɗaure kanka. Ranar da mai Wi-Fi ya sauya rauta zuwa mai rabon 192.168.0 ko 192.168.68, wayoyin kowa za su karɓi sabuwar lamba su ci gaba, taka za ta tsaya a Connected, no internet, tana neman ƙofar da aka riga aka toshe. Daga nan sai ka ji an ce ai wayar ce ta samu matsalar IC, a kai ta wurin mai gyara. An kashe kuɗi a kan lafiyayyar waya.

Na san abin da za ka ce: "To ai ni dai ta yi min aiki." Na yarda ta yi. Kuma yin aikin nata shaida ce mai amfani, domin ya nuna sigina lafiya, fasuwod lafiya, intanet tana nan, mai rabo ne kawai bai amsa ba. Wannan bayani ne da za ka kai wa mai Wi-Fi. Gwaji ne na minti biyu, ka gama ka mayar da ita DHCP. Wanda ya bar ta a haka, ya ga hayaƙi ne ya rufe taga.

Yanzu na juyo kanka mai Wi-Fi, da kai mai haɗawa, don ku ne kuka jefa mutane cikin wannan halin. Idan waya ta kasa samun adireshi, yawanci laifin yana wurinku.

Babban laifin, wanda na fi gani, shi ne masu rabo biyu a gida ɗaya. Duk rautar da ka ciro daga kwali tana zuwa ne da DHCP a kunne, tana ɗaukar kanta ita ce sarauniyar gidan. TP-Link galibi tana zaune a 192.168.0.1, Huawei a 192.168.8.1, MikroTik a 192.168.88.1, Deco kuma a 192.168.68.1. Sai ka ja kebul daga babbar rauta ka soka a ramin LAN na wata tsohuwar rauta don ka ƙara nisan sigina zuwa bayan gida, ba ka kashe mata rabo ba. Yanzu idan waya ta yi shela, murya biyu za su amsa, kuma waya takan karɓi tayin da ya fara isowa. Idan ƙaramar ce ta riga, za ta ba wayar lamba, ta ce ni ce ƙofar fita, alhali ba ta da intanet ko ta sisin kwabo. Shi ya sa mutum biyu suna zaune a benci ɗaya, Wi-Fi ɗaya, wannan yana kallon ƙwallo, wancan ko saƙo ba ya fita. Ba sa'a ba ce, ba kuma tsadar waya ba ce. Wanda ya riga amsawa ne.

Akwai ƙanwar wannan matsalar. Ka soka kebul ɗin a ramin WAN, to nan masu rabon ba sa faɗa kai tsaye, amma ka yi gida biyu ke nan, ɗaya cikin ɗaya. Shiga intanet zai yi, sai dai firinta ko kyamarar da ke wancan ɓangaren ba lallai wayar wannan ɓangaren ta gan su ba. Idan kuma ka ba su suna ɗaya da fasuwod ɗaya ka ce wai ka yi mesh, duk wanda ya taka daga ƙofar shago zuwa tsakar gida sai wayarsa ta sauya adireshi, kira ya yanke. Mafi muni shi ne idan rautocin biyu duk 192.168.1 suke rabawa: ta biyun za ta rikice ta kasa bambance ciki da waje. Suna ɗaya ba shi ne mesh ba, malam.

Abin daɗin shi ne da wayarka kaɗai za ka kama wannan, ba sai da kwamfuta ba. Ka tabbatar IP settings yana kan DHCP. Ka tsaya kusa da babbar rauta, ka shiga Settings, Wi-Fi, ka taɓa sunan Wi-Fi ɗin ko alamar da ke gefensa, ka rubuta IP address da Gateway a takarda. Ka tafi kusa da rauta ta biyu, ka kashe Wi-Fi ɗin wayar ka kunna, ka sake dubawa. Ka yi haka sau uku ko huɗu a kowane wuri, don sau ɗaya ba ya isa. A haɗin da ke da lafiya, Gateway ɗaya za ka gani ko'ina, lambobi ukun farko na adireshin ma ba sa sauyawa. Da ka ga 192.168.1.1 a nan, 192.168.0.1 a can, ka kama ɓarawo, kuma lambar da kanta za ta nuna maka wace rauta ce. Idan kuwa iPhone ko kwamfuta ta nuna adireshin da ya fara da 169.254, ma'anarsa ta yi shela babu wanda ya amsa, ta laƙa wa kanta lamba don kada ta zauna haka. Wannan lambar ba ta kai kowa ko'ina.

Gyaran ba shi da tsada, shawara ɗaya ce za ka yanke: wa zai yi rabo? Idan Starlink ne, to duk sauran ka mayar da su Access Point. A Deco cikin manhajarta ake yi, wajen Operation Mode. A tsohuwar rautar da ba ta da wannan zaɓin, ka cire ta daga haɗin tukuna, ka shiga shafinta, ka ba ta adireshi a cikin gidan babbar wanda ba kowa a kai, ka kashe DHCP, sannan ka mayar da kebul ramin LAN. Idan kuma kana son Deco ko MikroTik ɗinka ta yi rabo, kamar masu sayar da tikiti, to ka saka rautar Starlink a Bypass, ta daina Wi-Fi ta daina rabo. Ɗaya daga cikin biyun. Ka lura fa, fita daga Bypass sai an yi wa rautar reset, haka kuma duk ranar da aka yi mata reset ta fita daga Bypass ke nan, ta koma halinta na farko. Haka ƙananan rautocin ma. Yaron shago ya ga netwok ya yi sanyi ya soka tsinke a ramin reset, mai rabo na biyu ya farka daga barci. Ka liƙe ramin nan da salatif, ka gaya masa.

Laifi na biyu shi ne lambobi su ƙare. Gida irin 192.168.1 lamba 254 kawai yake da su, rauta ta ɗauki ɗaya. Kuma ba duka ake rabawa ba, da yawa daga rautocin TP-Link daga 100 zuwa 199 suke zuwa da shi, guda ɗari ke nan. A gidan mutum goma ba za ka taɓa sani ba. Amma ka ɗauki shagon da ke bakin kasuwar Mafara ranar Talata: mutum ya hau minti goma ya tafi, lambarsa tana nan a rubuce da sunansa har lokacin aron ya cika, kuma a wasu rautoci awa 24 ne. Kafin azahar littafi ya cika da sunayen mutanen da tuni sun kama hanyar ƙauyensu. Alamar ita ce da safe lafiya lau, da rana sababbin zuwa sun kasa hawa, waɗanda ke kai kuma ba abin da ya same su, in an kashe rauta an kunna sai ta saki. A wurin da jama'a ke shige da fice, ka faɗaɗa rabon, ka rage Lease Time zuwa awa ɗaya ko biyu.

Ga wani abu da masu haɗawa da yawa ba su lura da shi ba. Tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, waya tana ƙirƙiro wa kanta lambar shaida ta MAC daban ga kowane sunan Wi-Fi, don kada a riƙa bibiyar mai ita. Abu ne mai kyau. Amma idan ka ba rautocinka uku suna uku, Shago 1, Shago 2, Shago 3, to waya ɗaya da ta zagaya su za ta bayyana wa mai rabo a matsayin baƙi uku, ta ci lamba uku. Bayan ka mayar da rabo hannu ɗaya, ka ba su suna ɗaya.

Sai wuta. An ɗauke, an tada janareta ko an juya zuwa sola, ƙananan rautoci sun tashi cikin minti ɗaya suna watsa sigina, babbar tana can tana miƙa, ko ma soket ɗinta bai samu wuta ba sam. Wayoyi su ga suna su hau, ba mai rabo. Idan batirin inbata na'ura ɗaya kawai zai iya ɗauka, babbar rauta za ka ba. Nisa ma yana yin haka: ka kai ƙaramar Deco bayan katanga uku da rufin kwano, wayarka tana ganin sanduna cike don tana kusa da ita, amma ita da ƙyar take jin uwarta, shelar wayar ta ɓace a hanya. Ka dawo da ita tsakiya, ko ka ja mata kebul.

Wani zai ce to shi Static ɗin haramun ne? A'a. Firinta, kyamarar tsaro da su kansu rautocin suna buƙatar lambar da ba ta sauyawa. Amma mai Wi-Fi ne zai ba su, ko dai daga lambobin da ke wajen rabo, ko ta Address Reservation a cikin rauta, inda mai rabo da kansa zai rubuta cewa wannan lambar ta wannan na'urar ce har abada. Ka ga ta shiga littafi. Idan waya ce za ka keɓe wa lamba, ka kashe mata Randomized MAC ko Private Wi-Fi Address a wannan Wi-Fi ɗin kaɗai. Kuma don Allah ka samu ɗan littafi na gaske, na takarda, ka rubuta kowace rauta, inda take, adireshinta da fasuwod ɗin shiga shafinta. Mai haɗawar da ya gama aiki bai bar maka wannan ba, kada ka cika masa kuɗinsa sai ya rubuta. Ka kuma tsayar da shi ya zagaya da kai da waya a hannu, ya nuna maka Gateway ɗaya a kowace kusurwa.

Kai kuma mai waya, in an taɓa yi maka wannan dabarar, ko ba ka tuna ba, ka duba yanzu. Settings, Wi-Fi, ka taɓa sunan, ka nemi IP settings. A iPhone Configure IP ake kiransa, ya kamata ya nuna Automatic. In ka ga Static ko Manual, ka mayar. Hanya mafi sauri ita ce ka danna Forget ka sake saka fasuwod. Idan ta koma tana juyi a Obtaining IP address, kada ka miƙa wa gwani. Ka je wurin mai Wi-Fi ka ce masa wayata ta kama sigina amma ba a ba ta adireshi ba, a wuri kaza nake tsaye, da ƙarfe kaza. Ka tambaye shi rauta nawa ke rabo a haɗin nasa. In ya ce bai sani ba, ka tura masa wannan rubutun ya kai wa wanda ya haɗa masa.